Tagullar Kakanni A Kan Sikelin 'Yan Gwangwan

Duk wanda ya saba cin kasuwannin karkara a arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Bichi, ya san mai sikelin nan da ke raɓe a gefe yana sayen tsofaffin ƙarafa. Cikin tulin da ke gabansa, tsakanin fasasshiyar tukunya da mataccen gatari, akan tsinci munduwa ko likkafa ta tagulla, aikin wani maƙerin fari da ya daɗe da kwanta dama. Da kilo ake saye, ba a tambayar wanda ya ƙera.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne labarin ƙasar Mongoliya, inda aka taɓa yin irin wannan asara. A can aka yi Zanabazar (1635 zuwa 1723), shugaban addinin Buda kuma gwanin zubin tagulla. Da kakin zuma ake fara siffanta abu, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, sannan a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. A shekarar 1691 sarakunan Mongol suka yi mubaya'a ga Sarkin Sin Kangxi a garin Dolonnor, daga nan garin ya zama matattarar maƙera. Sinawa ne ke bugun faifan tagulla gunduwa-gunduwa suna harhaɗawa, Mongolawa ke saye su kuma faɗi siffar da suke so, har aka sami salon da ba na Sin zalla ba, ba kuma na Mongol zalla ba. Gumaka ne, mai karatu, kuma ba bautarsu muke magana ba. Aikin hannun muke dubawa.

Da gwamnatin kwaminisanci ta far wa gidajen ibadar a ƙarshen shekarun 1930, an narkar da ɗimbin waɗannan ayyuka. Babban mutum-mutumin da ke gidan ibada na Gandan a Ulanbator ma sassare shi aka yi aka kwashe. Sai a 1996 aka tsayar da madadinsa mai tsawon mita 26 da rabi, da gudummawar jama'a. Sabo dai sabo ne.

Tagullarmu ita ma haɗin gambiza ce. Ibn Battuta, da ya sauka Takedda a 1353, ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno. Ƙarfen ya ratso hamada, ado ya zo da Buzaye da Nufawa, hannun Bahaushe ya sarrafa. A ganina munduwa ɗaya tana ɗauke da tarihin fatauci fiye da shafuka goma.

Mu ba wata hukuma da ta yi mana dole. Tsadar taki da kuɗin magani ke sa magada fito da kayan tsohuwa daga ƙarƙashin gado, kuma ba na ganin laifinsu. Gidan Makama yana cikin birni, ba a kuwa saba ganin wakilin gidan tarihi a kasuwar ƙauye ba. Da ƙananan hukumomi da masarauta za su riƙa saye a kan abin da ya ɗara kuɗin kilo, su rubuta garin da sunan maƙerin tun akwai dattawan da ke tunawa, da yawa ba za su kai bakin wuta ba.