Hawan Jinin Ido: Mu Tsare Ganin da Ya Rage

'Yan'uwa, yau za mu yi magana a kan ciwon da ake kira gilakoma, wanda muka fi sani da hawan jinin ido. Sunan yana ruɗin mutane, gama ba jini ne ke hawa ba. A cikin idonmu akwai wani ruwa garai da ke ɓuɓɓugowa kullum, yana kuma fita ta wata 'yar hanya. In hanyar ta toshe, sai ruwan ya taru ya matse jijiyar gani, ta dinga mutuwa kaɗan kaɗan. Ma'aunin matsin ido na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kimanin mutum 5 cikin 100 masu shekara 40 zuwa sama suna da wannan ciwo. Yawancinsu ba su sani ba, domin ba ya zafi, kuma ganin gefe yake fara ci.

Yanar ido, in an cire ta, mutum yakan sake gani. Amma abin da gilakoma ta cinye ba ya dawowa. Aikin magani shi ne ya tsare wanda ya rage. Saboda haka kada mu ce, "Na ɗiga wata uku ban ga canji ba," mu daina. In gani bai ƙara raguwa ba, magani yana aiki ke nan.

Maganin ɗigawa kamar timolol yana rage ruwan da ido ke yi, amma mai asma ya gaya wa likita kafin ya fara. Latanoprost kuwa yana taimakon ruwan ya fita, sau ɗaya ake ɗigawa da dare. Mu wanke hannu, mu ɗiga ɗigo ɗaya, mu rufe ido, mu danna kusurwarsa ta wajen hanci minti 2. In magani biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu. In ɗigawa ta kasa, akwai aikin laser ko tiyata, kada mu ji tsoronsu.

Mu guji sayen maganin jan ido a kemis ba da izinin likita ba, gama masu dexamethasone suna iya ƙara matsin. In kuwa ido ya yi ja farat ɗaya, da zafi mai tsanani da amai, a je asibiti ran nan.

Ciwon yana bin jini. In an same shi ga mahaifi ko ɗan'uwa, sai dukan gida su je awo. Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna suna wannan aiki. Mu tuna wa tsofaffinmu lokacin ɗiga magani, mu kuma raka su ranar awo.

Allah ya ba mu lafiya.