Sassaƙe a Buhu, Sassaƙe a Kwalba: Dokar Maganin Gargajiya a Iyakar Jibiya

Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiya ce da ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a tsakiyarta ne shingen iyaka na Magama yake, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, da garin Ɗan Isa a tsallaken Nijar. Ingila da Faransa ne suka shata wannan layi, da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, amma mutanen da ya raba 'yan gida ɗaya ne. Sarakunan Haɓen Katsina da jihadi ya kora su ne suka koma Maraɗi da zama, har yau ma Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Haka ma daji bai san da shinge ba. Sabarar da ke tsirowa a saurukan Jibiya ita ce a Madarunfa, kuma abin da 'yar mai ganye za ta dafa wa jariri mai ciwon ciki a nan, shi za ta dafa a can.

A kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi ana ganin maganin itace iri biyu. Ga dattijo ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sassaƙen maɗaci da na marke da na hano, da 'ya'yan bagaruwa, da busasshen filasko, da saiwar sanya a ɗaure da zare. Mai saye zai tsuguna ya faɗi damuwarsa, a ƙulle masa a leda, a ce ya jiƙa da jar kanwa ya sha safe da yamma. Can gefe kuma ga mota da lasifika a kanta, an cika bayanta da robobi masu takarda a manne, murya tana ta jero basir da shawara da sanyi da taifot da ƙarfin maza, wai duk roba ɗaya ce maganinsu. Watakila maɗacin nan ne dai a cikin robar. Amma a idon doka, kayan dattijon da kayan motar ba abu ɗaya ba ne.

Hukumar NAFDAC, wadda dokar soja mai lamba 15 ta 1993 ta kafa, ba itace take yi wa rajista ba. Abin da ya shafe ta shi ne maganin da aka sarrafa, aka ɗura a mazubi, aka raɗa masa suna, aka fitar da shi kasuwa don wanda mai haɗin bai taɓa gani ba. Hikimar a fili take. Boka ko wanzami da ya ba maƙwabcinsa jiƙo, idan abu ya ɓaci an san ƙofar gidansa. Robar da aka cika a Kano ko Kaduna aka sayar a Ɗan Isa kuwa, babu mai tsaya mata sai takardar da ke jikinta.

A kan takardar nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Lambar NAFDAC ga maganin gargajiya hawa biyu ce. Hawan farko shi ne shigar da magani cikin jeri: jami'ai su duba wurin da ake haɗa shi, a kai samfuri ɗakin gwaji a nemi ƙwayoyin cuta da ƙarafa masu guba irin su dalma, a gwada shi a jikin dabbobi a ga ko yana cutarwa. In ya tsallake, sai a ba shi lamba mai harafin L a ƙarshe, ta shekara 2. Wannan lamba shaida ce cewa ba a ga guba ba a iya gwajin da aka yi. Ba ta ce yana warkar da komai ba, shi ya sa ma aka wajabta a rubuta a jikin kwalbar cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin da ake yi a kansa ba. Sai dai da Turanci ake rubuta wannan gargaɗi, da ƙananan haruffa, mai lasifika kuwa da Hausa yake cewa "NAFDAC ta amince da shi". Hawa na biyu, cikakkiyar rajista ta shekara 5, sai an gwada maganin a jikin marasa lafiya ƙarƙashin kulawar likitoci an ga amfaninsa. Kuɗin da wannan gwaji ke ci ya fi ƙarfin yawancin masu haɗa magani, don haka kusan kowa a hawan farko yake tsayawa.

Abin da ya faru da ruwan maganin nan da aka fi sani da Baban Aisha ya isa misali. NAFDAC ta ce ta ba shi lamba a 2018 a kan basir kaɗai, lambar ta ƙare aiki ba a sabunta ba, amma aka ci gaba da sayar da shi a garuruwan Arewa a matsayin maganin cututtuka barkatai. Sai da jaridar Premium Times da kafar tantance labarai ta DUBAWA suka kai shi ɗakin gwaji suka buga sakamakon a 2023, sannan hukuma ta kai samame inda ake haɗa shi a Kaduna. Akwai kuma ha'incin da ya fi wannan muni, wanda hukumomin magani a ƙasashe da dama suka sha kamawa: a niƙa ƙwayar asibiti, musamman sinadarin sildenafil da ke cikin Viagra, a cuɗa a garin maganin maza. Mai ciwon zuciya zai sha hankali kwance, yana zaton saiwa ce.

Me ya sa ake tsananta awo haka, alhali kaka da kakanni sun sha ba tare da lamba ba? Saboda ƙarfin itace ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ganyen da aka tsinka da damina ba daidai yake da na bazara ba, na jigawa daban da na fadama, wanda aka shanya a rana daban da na inuwa. Cokali ɗaya yau yana iya zama cokali uku gobe. Dangin tazargade sun nuna wannan sarai. Daga wani jinsinsu ne Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace sinadarin atemisinin a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma shi ne ƙashin bayan magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocin Katsina da Maraɗi a yau. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dafa ganyen a sha a madadin ƙwayar ba, domin adadin da ke cikin shayi kan gaza kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya, ragowar kuma su koyi jure maganin. A 2020, da Madagaska ta rarraba ruwan da ta ce yana maganin korona, Najeriya ba ta raba wa jama'a nata kason ba, ta miƙa wa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja. Cibiyar ta ce mafi yawansa wannan ganye ne, kuma ba ta sami hujjar cewa yana warkar da korona ba.

Ita NIPRD ɗin ce ta nuna cewa ana iya bin hanyar har ƙarshe. Wani limamin coci mai maganin gargajiya, Paul Ogunyale, ya ba ta haɗinsa na ciwon sikila, masana a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe suka daidaita shi suka sa masa suna Niprisan. Kayan haɗin huɗu ne, uku daga ciki kowace mace a Jibiya ta san su: masoro, kanumfari da karan dafi, sai wani jan itace da Yarbawa ke kira osun. An gwada shi a jikin masu sikila, aka buga sakamakon a 2001, wanda ya nuna raguwar tashin ciwon. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan. Daga nan kamfanin Xechem da aka ba lasisi ya durƙushe a 2008, magani ya ɓace a kasuwa shekara da shekaru, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. A ganina wannan ne ya kamata masu cewa a bar gargajiya ta yi yadda take so, da masu cewa duk shirme ce, su zauna su karanta tare. Haɗin yana da amfani, amma sai da aka auna aka sani, kuma bayan awon ma sai da kasuwanci ya kusa kashe shi.

A koma Magama. Tun zamanin Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, aka hana shigo da magunguna ta iyakokin ƙasa, a wancan lokacin aka keɓe musu tashoshin ruwa na Apapa da Kalaba da filayen jirgin sama na Legas da Kano. Ke nan katan ɗin maganin ganye da aka haɗa a wata ƙasa ba shi da hurumin bi ta Jibiya, alhali buhun sassaƙe kayan daji ne, tsakaninsa da kwastam da jami'an duba tsirrai. Wata dokar ta 1999 kuma ta haramta tallar magani a kasuwa da tasha da cikin mota. Duk wanda ya taɓa shiga tasha a ƙasar Hausa ya san inda wannan doka ta kwana. Ga shi kuma ba ta shinge kaɗai ake shiga Nijar ba, 'yan fito da babura sun san hanyoyin cikin gona, kuma rufe iyakar da aka yi a 2019 da 2023 bai tsayar da su ba.

Nijar tana da nata tsarin. Dokar harhaɗa magunguna ta 1997 ta haɗa har da maganin gargajiya, ga ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a Yamai. Sai dai lambar da Abuja ta bayar ba izini ba ce a Ɗan Isa, haramcin da ta sanar ma ba ya tsallaka shinge da kansa, don haka robar da aka kora daga Katsina tana iya samun masauki a kasuwar Maraɗi. Hukumar lafiya ta ECOWAS, wadda a lokacin take da mazauni a Bobo Julaso, ta yi ƙoƙarin daidaita ma'auni, har ta fitar da kundin tsirran magani na Afirka ta Yamma a 2013, wanda ya fayyace yadda za a gane kowane tsiro da yadda za a auna ingancinsa. A ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, a daidai lokacin da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Jibiya.