Ɗanyen Icce Ba Ya Dafa Tuwo

Duk macen da ta saba girki a murhu ta san cewa hura wuta ilimi ne. Ba a fara ta da gungume, ba a cusa mata ɗanyen icce, ba a kuma barin ta da zarar ta kama. Haka maganar da ake yi wa jama'a don su tashi tsaye kan 'yan'uwansu marasa makwanci take. A Jama'are da Azare da sauran ƙasar Katagum mun daɗe muna wannan magana, amma sau da yawa hayaƙi muke tayarwa, tukunya kuwa ba ta tafasa.

Su wane ne marasa makwancin nan? Akwai magidancin da Kogin Jama'are ya cika ya cinye masa gidan ƙasa, ya kwashi iyali ya koma ajin firamare, ranar da aka koma karatu kuma aka ce ya tashi. Akwai almajirin da ke kwana a barandar shago cikin hunturu. Akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da mai taɓin hankalin da ya mayar da tashar mota gida, da bazawarar da aka saka da 'ya'ya alhali gidan iyayenta ya cika. Dukkansu muna ganinsu, kuma amsarmu ba ta wuce uku ba: "ƙaddara ce", "aikin gwamnati ne", ko "Allah ya ba da haƙuri". Mai son a kawo ƙarshen wannan hali, waɗannan amsoshi ne zai fara kwancewa.

Kuskuren farko shi ne fara wuta da gungume. Mai wayar da kai yakan miƙe ya ce ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Gaskiya ne, amma tela a kasuwar Azare da ya ji miliyan, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ƙirare ake fara sawa. A ce masa a unguwarsu gida kaza ne suka rushe, kowane yana buƙatar bandir ɗin kwano kaza da azara kaza, ranar Asabar akwai gayya. Abin da mutum zai iya ƙirgawa da yatsunsa, shi ne abin da zai sa hannunsa a ciki. In ƙananan sun kama, sai a kawo babbar magana: filayen tudu ga masu zama a bakin kogi, magudanan ruwa, da kason gidaje a kasafin kuɗin jiha.

Na biyu shi ne ɗanyen icce, wato gori da tozartawa. A ɗauki hoton yaro cikin tsumma a watsa a Facebook, a zagi iyayensa, a zagi malaminsa, a ce al'umma ta mutu. Irin wannan magana takan sa hawaye kamar yadda hayaƙi ke sawa, kuma kamar hayaƙin, korar mutane take yi daga madafi. Malamin tsangaya da aka kira azzalumi a rediyo ba zai zo taro gobe ba, alhali shi ya san sunan kowane yaro da ƙauyensu. Mun ga ƙarshen tsawa. A farkon 2020 gwamnatin Kano ta haramta bara a titi, kuma a lokacin korona gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Yau ga yaran nan a titunanmu, domin ba a tanadi inda za su kwana ba, ba a kuma shawo kan iyaye da malamai ba.

Na uku shi ne kananzir. Da aka ce ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum a watan Agustan 2024, ko madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na shekarar, kowa ya tashi. A irin wannan lokaci akan raba shinkafa da tabarmi, a ɗauki hotuna. Taimakon gaggawa wajibi ne, ba na raina shi. Sai dai wutar kananzir tashi take bal ta mutu, kuma in kaka ta yi ba mai tambayar inda mutanen suka koma.

To yaya ake hura wutar da za ta dafa? Mace mai dabara ba ta wahalar da kanta, maƙwabta take shiga ta ɗebo garwashi. Mu ma garwashinmu na nan cikin toka. Mutumin Jama'are, garin da masarautarsa ta samo asali daga Muhammadu Wabi, mai tutar jihadin Shehu Usmanu, ba ya buƙatar baƙo ya koya masa haƙƙin maƙwabci. Ya san Ma'abota Suffa, talakawan sahabbai da aka ba wa masauki a jikin masallacin Madina. Ya san yadda mutanen Madina suka buɗe gidajensu ga waɗanda suka yi hijira daga Makka. Ya san matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas masu cin zakka. Ya kuma tashi ya tarar da zauren kakansa a buɗe ga baƙo. Mai magana ya fara daga nan, ya tuna wa mutane abin da yake nasu, sannan ya nuna musu cewa rufin ɗaki ma sadaka ce mai gudana, kamar rijiya da masallaci.

Sai kuma busasshen icce, wato shaidar cewa abin yana yiwuwa. Ƙasar Finlan ta ɗauki tsarin fara ba mutum gida ba tare da sharaɗi ba, sannan a bi da magani da neman sana'a. Marasa muhalli a can sun ragu daga kusan 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a 2022. Aljihunsu ba namu ba ne, amma darasin ya shafe mu: wanda bai san inda zai kwana ba, ba zai riƙe magani ko karatu ko sana'a ba. Shaida mafi ƙarfi kuwa ita ce ta gida. Gani ya kori ji: ɗaki ɗaya da unguwa ta gina wa tsangaya, da tabarmi da gidan sauro da makewayi, ya fi jawabi goma.

Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Na farko fada, daga sarki zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa, waɗanda suka san gida gida. Na biyu malamai, masu mumbarin Juma'a da masu allo. Na uku hukuma, mai fili da kasafi, har da hukumar kula da ilimin almajirai da aka kafa da dokar 2023. A ba wa waɗanda abin ya shafa dama su faɗi buƙatarsu da bakinsu, da mutuncinsu, domin sun fi kowa sanin inda ruwa ke zubo musu.

Daga nan sai iza wuta. Wanda ya ba da dubu biyar yana da haƙƙin jin inda ta shiga. A karanta lissafi bayan sallar Juma'a, a faɗi iyali nawa suka koma ƙarƙashin rufi, nawa suka rage. Amana ce ke sa mai bayarwa ya sake bayarwa. Kuma lokacin wannan magana rani ne, sa'ad da ƙasa ta bushe ana iya buga tubali. Kowane mai unguwa ya ƙirga marasa makwancin unguwarsa yanzu, kowane liman ya ware huɗuba ɗaya, mu kuma mu fito gayya kafin hadarin farko ya haɗo.