Fulawar da ka dasa da hannunka, ranar da ta fi ƙarfinka

  Yau ba siyasa za mu yi ba, maganar fulawa za mu yi. Na san wani zai ce, haba, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, kai kuma fulawa ce damuwarka? To ka ɗan dakata ka ji abin da ya faru da awakin Innata tukuna.

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida, sai na ga dangar bayan gidanmu ta zube. Kuɗin bulo babu. Wani abokina ya ce in je bakin fadama in saro kashe-kwari in kakkafa, ko ban-ruwa ba ta buƙata. Kun san ta ai: itaciyar nan mai kara kamar bututu, cikinsa rami, idan ka karya sai farin ruwa ya fito, furenta kuma kamar bakin kakaki, ruwan hoda mai haske. Na saro na kafa. Kafin damina ta fita ta haɗe ta zama shinge, kullum da safe fure. Har hoto na yi na ɗora a Facebook.

Da rani ya yi tsanani, ko'ina ya bushe, wanga shinge shi kaɗai ne kore a unguwar. Ku tuna kuma yanzu mutane da yawa a yankinmu ba su iya kai dabba kiwo nesa da gari, a gida ake tsare su. Awakin Inna suka koma cin ganyen. Bayan wasu makonni sai muka ga babbar akuyar tana tangaɗi kamar ta sha wani abu, kanta na rawa, tana ramewa duk da tana cin dusa. Inna ta ce iska ce. Malamin dabbobi da ya zo bai ma taɓa akuyar ba, shingen ya fara kallo, ya ce wa ya dasa wannan? Na ce ni ne. Ƙananan sun warware da muka raba su da ganyen. Babbar ba ta tashi ba. Akuyar da Inna ke lissafin za ta sayar ta rage kayan ɗakin ƙanwata ce.

Daga nan na fara bin diddigin abin. Masana tsirrai suna kiran kashe-kwari Ipomoea carnea, dangin dankalin Hausa ce, kuma asalinta yankin Amurka mai zafi ne. An yaɗa ta a duniya don ado da shinge da tare zaizayar ƙasa. A jikinta akwai wani dafi da ake kira suwensonin, wanda ke taruwa a hankali yana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyin dabba. Shi ya sa ba a ranar da akuya ta ci take faɗuwa ba, sai ta jima tana ci. Abin haushin ma, dabbar da ta saba da ita nemanta take yi ko da ka zuba mata harawa. A Indiya sunan da suka sa mata yana nufin marar kunya, don ko ka sare ta ka jefar, inda ta faɗi nan za ta kama.

Tana da 'yar uwa da muka fi sani, duman kada, wadda ke yaɗo a ƙasa a fadamu da bakin gulbi, mai fure shunayya. Ita ma idan tumaki da awaki ko maruƙa suka cika cin ta, jikinsu kan kama karkarwa, sai dai galibi sukan warware idan an janye su daga wurin da wuri. Tsofaffin makiyaya sun san wannan tun ba yau ba. Mu 'yan boko ne muka ga fure muka ruɗe.

To mi ke sa shuka ta fi ƙarfin mai ita? Kowace shuka a ƙasarta ta asali tana da masu taka mata birki: ƙwarin da ke cin ganyenta, cututtukan da ke kama ta, da sauran tsirran da suka san yadda ake kokawa da ita. Idan aka ɗauko ta aka kawo wata ƙasa, galibi waɗannan abokan gaba ba su biyo ta. Ga rana, ga ruwa, ga fili, babu mai tsawata mata. Idan kuma ta zamo irin wadda guntun kara kaɗai ya ishe ta ta tsiro, ko mai zuba iri da yawa, to an gama.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba. A shekarar 1876 aka nuna wata shuka mai yaɗo daga Japan a wani babban baje koli a birnin Filadelfiya na Amurka. Sunanta kudzu. Mutane suka riƙa dasa ta don inuwa a ƙofar gida. A shekarun 1930 da 1940 gwamnatin Amurka da kanta ta riƙa biyan manoma kuɗi su shuka ta don hana zaizaya. Shuka ce da a lokacin zafi kan iya ƙara tsawon kusan ƙafa guda a rana. Yau a kudancin Amurka ta lulluɓe itatuwa da turakun lantarki da tsofaffin gidaje, kuma gwamnatin da ta raba ta ita ce daga baya ta sa ta cikin jerin mugayen ciyayi.

Akwai kuma wata mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, amma ba kainuwa ba ce, furenta shuɗi-shuɗi mai kyan gaske. Masana na kiranta Eichhornia crassipes, daga yankin kogin Amazon ta fito, kuma kyan furen ne ya sa aka riƙa kai ta tafkunan ado a ƙasashe. Ta shigo ruwan Legas a 1984. Idan ta samu yanayin da take so, cikin kusan mako biyu takan ninka kanta. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, a ƙarshen shekarun 1990, sai da ta toshe tashoshin jiragen ruwa, masunta suka kasa fita, har aka koma sakin wasu ƙwari daga ƙasarta ta asali don su cinye ta.

Kar ku ɗauka kullum mu ake kawo wa. Gamba, gambar nan da muke zana da jinka da ita, an kai ta Ostareliya a shekarun 1930 don kiwon shanu. A can ta yi tsawo ta yi kauri, ta zama makamashin gobarar daji mai zafin da ke kashe manyan itatuwa. Hukumomin arewacin ƙasar sun ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, kuma har yau da sunanta na Hausa suke kiranta, gamba. Wato abin da yake rufin asiri a Bukkuyum shi ne tashin hankali a wata nahiya. Shukar ba ta da laifi, wurin da aka aje ta ne da rashin mai lura da ita.

Ba cewa nake yi a daina dasa fulawa ba. Garuruwanmu na buƙatar kore, zafin bazara kowa ya san shi. Amma kafin ka karɓi reshe daga gidan aboki ko ka saya a bakin titi a Gusau ko Sakkwato, yi wa mai ita tambayoyi. Idan na yar da guntunta a ƙasa, tana kamawa? Tana zuba iri? Akuya na cin ta, in ta ci mi ke faruwa? Idan na gaji da ita, zan iya tumɓuke ta ni kaɗai da fartanya? Wanda ya kasa amsa maka, to a tukunya ko tsohon bokiti za ka fara gwada ta, shekara guda, ka ga halinta.

Mai son abu mai hawa katanga, buganbiliya ta dace da yanayinmu. Ita ce mai ƙaya da ake gani a katangun gidajen gwamnati da makarantu, ja ko shunayya ko fara. Ita ma daga Kudancin Amurka take, an sa mata sunan wani Bafaranshe mai yawon teku, Bougainville. Abin da muke gani mai launi ma ganye ne, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Tana son rana sosai, kuma idan ka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye ta ƙi fure. Ba ta cika bazuwa da kanta ba, matsalarta nauyi da ƙaya. Kar ka jingina ta da katangar ƙasa ko ka bar ta ta hau kwano. Kafa mata turaku da waya, ɗan nesa da bango, ka riƙa rage ta duk lokacin da ta gama fure. Idan ka bar ta ta cunkushe, ka yi wa macizai da ɓeraye ɗaki.

Gida mai ƙananan yara kuma a kula da duk shukar da ke fitar da farin ruwa ko ruwa mai danƙo idan an karya ta. Fulawar nan mai dogayen siraran ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa, 'ya'yanta dafi ne mai taɓa zuciya. Bini-da-zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa na sa yara amai da gudawa mai tsanani. Idan yaro ya ci irin waɗannan, a kai shi asibiti nan take, a tafi da reshen shukar don likita ya gani.

Sai wata magana da ta shafe mu fiye da kowa. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, sanadiyyar niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Don haka idan za ka ɗebo ƙasar da za ka cika tukwanen fulawa, ka san daga inda ta fito. Ƙasar wurin da aka taɓa niƙa ko wanke dutse, ko wurin da aka binne wadda aka kankare, ba ta shiga gida. Dalma ba ta ruɓewa, kuma yaro ne zai fara kai hannu cikin tukunyar nan ya kai baki.

To wanda ya riga ya dasa, abin ya fi ƙarfinsa fa? Ga yadda na yi da nawa shingen. Ƙarshen damina ya fi, lokacin ƙasa na da laushi, kuma kafin iri ya nuna. Ka sa safar hannu ko ka naɗe hannu da tsumma saboda ruwan jikinta. Sare saman, sannan ka bi kututturen ka haƙe har saiwa. Sara kaɗai aski ne, za ta dawo da ƙarfinta. Abin da ka sare ka shanya shi a kan tsohon kwano ko daɓen siminti inda ba zai taɓa ƙasa ba, inda dabba ba za ta kai ba, ya bushe ƙayau, sannan a ƙone. Kar a zuba a kwata, kar a kai bola, kar a jefa a gulbi. Mutanen Gummi sun ga abin da ruwa ya yi a watan Agustan 2024. Duk karan da ka jefa a magudanar ruwa, ko dai ya kama a nan ya toshe ta, ko ruwa ya kwashe shi ya dasa wa wani a fadamarsa a gaba can bakin gulbin Zamfara.

Bayan haka sai bibiya. Duk mako biyu ka leƙa, abin da ya tsiro ka cire tun yana ƙarami. Ni sai da na yi damina biyu ina wannan kafin na huta. Wanda zai yi amfani da maganin kashe ciyawa, ya fi kyau ya shafa shi a kan kututturen da aka sare a take, da ya yi ta feshi ko'ina, kuma ya nisanci rijiya da bakin ruwa.

Kuma kar ka bar wurin fayau, wata ciyawar za ta gaje shi. Muna da namu na gado. Lalle yana shinge mai kyau, furensa na da ƙamshi, ga mata na amfana da ganyen. Zogale ka samu shinge ka samu miya. Inda kwari ke cin ƙasa, jema da gamba na riƙe ta, ka kuma yanka ka yi zana. A bayan gidanmu yanzu lalle ne da zogale, Inna ce ma ke ban-ruwan da kanta.

Matasa masu ƙungiyoyin dashen itatuwa, wannan saƙon naku ne musamman. Muna son hoton ranar dashe, amma wa zai dawo bayan shekara biyu ya ga abin da muka dasa ya zama? Kafin ku kafa wani abu a makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ku zauna da malamin gona da malamin dabbobi, ku kuma tambayi dattawan da suka yi kiwo a wurin. Sannan a rubuta sunan wanda zai riƙa kula da shi. Wannan makon kuma, kowa ya zagaya bayan gidansu ya duba mi awaki ke ci.

Ni dai na biya Inna kuɗin akuyarta a hankali, amma har yau idan ta ga na shigo da wani reshe a hannu sai ta ce, wannan kuma wa zai kashe? A nan za mu dakata. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a Zamfara.