Kuɗin ta'aziyya ba diyya ba ne

A daren Lahadi, 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya saki bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, ƙauyen da ke ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa da filin jirgin saman Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85, mutanen gari kuwa suka ce adadin ya haura haka. An kwaso waɗanda suka jikkata zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, inda manya suka yi ta sintirin dubiya, har da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima. Hafsan sojin ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Sanatoci suka ba da gudummawar naira miliyan 109.

Duk wannan tallafi ne. Mai bayarwa shi ke yanke nawa, shi ke zaɓen ranar bayarwa, in ya fasa kuma babu mai kai shi ƙara. Diyya haƙƙi ce da ake bi bashi. Shi ya sa tun watan bai ƙare ba aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna a madadin mutanen ƙauyen, ana neman gwamnatin tarayya ta biya naira biliyan 33.

A ƙasar Hausa zancen kuɗi a kan mamaci yana da nauyi a baki. Kafin a share makoki wani dattijo ya riga ya ce "kwana ne ya ƙare, mun bar wa Allah", alhali sau da yawa ba shi zai ciyar da marayun ba. Yafewa alheri ce, amma ta mai haƙƙi ce, kuma malaman fiƙihu ba su ba kowa damar yafe rabon maraya don kunyar idon jama'a ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure. A mazhabar Malikiyya adadinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari dubu ya kai kilo huɗu da kwata na zinariya. Dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba, wato aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara uku, a raba wa magada kamar yadda ake raba gado.

Dokar Bature ta makara kafin ta yarda da biyan kuɗi a kan rai. A Ingila, tun wani hukuncin kotu na 1808, in ka karya wa mutum ƙafa zai iya neman kuɗi, in ka kashe shi kuwa iyalinsa ba su da ta cewa a kotun farar hula, sai da majalisa ta gyara a 1846. Dokar haɗurran da suka jawo mutuwa ta Jihar Arewa, wadda aka yi a 1956 jihohi suka gada, ta ɗauko wannan gyara ta haɗa da abin gida: idan mamacin Musulmi ne, iyalin da ake shigar da ƙara dominsu su ne waɗanda ke da rabo a diyya. A irin wannan ƙara alƙali yana duba shekarun mamaci, abin da yake samu, da bakin da yake ciyarwa. Nan talaka ke shan wahala, don manomi ko ɗan acaɓa ba shi da takardar albashi.

Ga kuma tarkon lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a kai jami'i ƙara kan abin da ya aikata a bakin aiki. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma. Ke nan kafin ta fita, ƙofar na iya rufewa. Wannan ne ya sa lauyoyi suka fi bi ta sashe na 33 na tsarin mulki, mai kare haƙƙin rayuwa, da ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda ba su sa wa'adi ba. Hujja ma tana ɓacewa da wuri. Mukan yi jana'iza kafin rana ta faɗi, ba rahoton likita, ba takardar shaidar mutuwa, ba wanda ya rubuta sunayen shaidu. Bayan shekara biyu lauyan gwamnati zai miƙe ya tambayi abin da ya kashe mamacin, a rasa takarda ko ɗaya.

Cin shari'a ma ba shi ne karɓar kuɗi ba. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato sai wanda ake bi ya yarda a karɓa. Mutanen garin Odi da sojoji suka ragargaza a 1999 sai a 2013 kotu ta yanke musu naira biliyan 37.6, daga baya aka sasanta a kan biliyan 15. A Apo ta Abuja, inda jami'an tsaro suka harbe mutum takwas a wani kango a Satumban 2013, akasarinsu masu tuƙa Keke Napep, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ba da umarni a 2014 a biya kowane gida naira miliyan 10. Kuɗin bai fito ba sai 2018.

Yawancin mace-macen sakaci dai ba bam ke jawo su ba, mota ce, a Kawo ta Kaduna ko a hanyar Zariya. Takardar inshorar nan ta naira 15,000 da direba ke saye don kada a tsare shi a shinge, in ta gaske ce, tana ɗaukar nauyin ran wanda aka buge, kuma iyakar naira miliyan 3 da ake ambata ta ɓarnar dukiya ce kawai. Abin da aka saba gani shi ne shugabannin tasha su zo gaisuwa da buhun shinkafa da ambulan, a yi addu'a a shafa, ba wanda ya tambayi sunan kamfanin inshorar.