Aikin Nas a Ɗakin Masu Ciwo Mai Tsanani

Kowa ya zauna Agege ya san gari ne na kai da kawowa. Ga hanyar jirgin ƙasa ta ratsa tsakiyarsa, ga manyan motoci masu sauke shanu da kayan gwari daga Arewa, ga mayankar Oko-Oba, ga cinkoson Pen Cinema. Inda jama'a ta taru haka kuwa ba a rasa haɗari. Ran 26 ga Disamba, 2006, bututun man fetur ya fashe a Abule-Egba, maƙwabciyar Agege, wuta ta kashe fiye da mutum 200, waɗansu kuma aka kwashe su da ƙuna zuwa asibiti. Irin waɗannan majinyata, da wanda mota ta buge ya suma, da mace mai jijjiga wajen haihuwa, da wanda ciwon sarƙe-haƙora ya kama, in abin ya tsananta ba a barin su a babban ɗaki tare da sauran marasa lafiya. Akwai ɗaki dabam dominsu, wanda ma'aikatan asibiti ke kira Ai-Si-Yu, watau ɗakin kulawa ta musamman. Mutanen Agege a kan fara kai su Babban Asibitin Orile-Agege, daga nan in hali ya kama a wuce da su asibitin koyarwa na Ikeja, ko kuwa na Idi-Araba wanda aka buɗe a 1962. Nufina a nan in bayyana muku aikin nas, namiji ko mace, mai tsaron wannan ɗaki.

Asalin ɗakin daga ƙasar Danmak ne. A 1952 annobar shan-inna ta auka wa Kofanhagen, babban birninsu. Ciwon ya kan shanye naman da mutum ke numfashi da shi, har ya zama daga cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya gaza, 27 suka mutu. Sai wani likita, sunansa Ibsen, ya kawo shawara a huda maƙogwaron majinyaci a sa roba, a riƙa matsa wata jaka da hannu ana tura masa iska cikin huhu. Injin da zai yi wannan aiki babu isasshe, sabo da haka aka tara ɗalibai masu koyon likitanci wajen 1,500, suna karɓar juna dare da rana, kowa da majinyacinsa. Mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Abin da aka gane a nan shi ne, mai ciwo irin wannan ba magani kaɗai ya ke bukata ba, yana bukatar wanda zai tsaya kansa ba ƙyaftawa. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗakin farko na irin wannan jinya. Yau inji ya karɓi matsa jaka, amma tsayuwar nan tana wuyan nas.

To, mene ne aikin nata? Na farko awo. A babban ɗaki nas ɗaya ta kan duba mutum goma ko fiye, a kan yi awo sau biyu ko uku a yini. A nan kuwa ƙa'ida ita ce nas ɗaya majinyaci ɗaya, iyaka biyu, awo kuwa kowace sa'a, wani lokaci ma kowane minti 15. Babban mutum mai lafiya zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, yana numfashi sau 12 zuwa 20, zafin jikinsa wajen digiri 37, iskar oksijin da ke cikin jininsa kuwa kashi 95 cikin 100 ko sama. Duk ta kan rubuta su a takardar da ke gindin gado. Har fitsari a kan auna. Mutum mai nauyin kilo 60 ya kamata ya fitar da mililita 30 a sa'a, watau cikin babban cokali biyu. In ya gaza haka sa'o'i a jere, alama ce jini bai isa ƙoda sosai, ko kuwa ƙodar ta fara gazawa. Zurfin suma ma yana da ma'auni, wanda likitoci biyu na Gilasgo suka tsara a 1974. A kan duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya ke da 12 da safe ya koma 9 da azahar, lalle a kira likita nan take.

Kada ku ɗauka aikin ya tsaya ga kwafar lambobi daga allon inji. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. Ƙwararriyar nas ta kan lura da cewa bugun zuciya na hawa kaɗan kaɗan, hannu ya yi sanyi, fitsari ya ragu, sai ta haɗa su ta gane jini na zuba a ciki, tun kafin ƙararrawar inji ta yi kuka. Dalilin gaggawar kuwa shi ne, ƙwaƙwalwa in ta rasa iska minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa, abin da ya lalace nan kuwa da wuya ya komo.

Na biyu, ita ce ke yi wa majinyaci abin da jikinsa ya kasa. Wanda ke kan injin numfashi ba ya iya tari, sabo da haka ta kan zuƙe masa majina daga robar maƙogwaro, ta wanke masa baki, ta ɗaga kan gadonsa kamar digiri 30 don kada abin ciki ya gangaro huhu ya zama namoniya. Ba ya iya juyawa, sai ta juya shi kowace sa'a 2, in ba haka ba fata ta mutu a ƙugu da dunduniya ta zama gyambo. Ba ya iya haɗiya, sai ta ba shi abinci ta robar hanci. Magungunan wannan ɗaki kuma masu ƙarfi ne ƙwarai, waɗansu da ɗigo a ke lissafinsu gwargwadon nauyin mutum. Ɗalibin da ke raina darasin lissafi ya tuna akwai aikin da kuskuren sifiri ɗaya ke cin rai.

Na uku tsabta, don kare majinyaci da kare kanta. Kowace roba da aka sa a jiki ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, shi ya sa za ku ga tana wanke hannu kafin ta taɓa mutum da bayan ta taɓa shi. Haɗarin kuwa Ikko ta gan shi da idonta. Ran 20 ga Yuli, 2014, wani mutumin Laberiya ya sauka filin jirgin sama na Ikeja ɗauke da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita asibiti, don kada ya baza ta cikin gari. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, cikinsu har da ita likitar da wata nas, Justina Ejelonu. Ran 20 ga Oktoba na wannan shekara aka tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar.

Na huɗu miƙa aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'ad da lokacin tashinta ya yi, ba ta tafiya sai ta tsaya bakin gado da mai karɓarta, ta gaya mata abin da ya faru, da maganin da aka bayar, da abin da a ke tsoro. Sirrin majinyaci kuwa amana ne, ba a kai shi tsakar gida. Ba a kai ga wannan matsayi da ka. Sai mutum ya yi karatun jinya shekara 3 zuwa 5, gwargwadon makarantar da ya shiga, Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ta yi masa rajista, sa'an nan ya ƙara kwas na musamman.

Saura abin da ya shafe mu, mu da za mu fita koyarwa. A unguwa malami a kan nema ya karanta takardar asibiti, ko ya yi tafinta, tun ba ma a Agege ba, inda dangi ke jin Hausa nas kuwa Yarbanci da Turanci. To, ku gaya wa jama'a abu uku. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo, gama huhu za su tafi, a kwantar da shi ta gefe, a nemi mota ko a buga 112 ko 767. In nas ta tsai da masu gaisuwa a bakin ƙofa, ta ce mutum ɗaya zai shiga, ba wulakanci ba ne, gudun cuta ne. Dangi kuma su zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa jin bayani yana isar wa saura. Gadajen ɗakin nan kaɗan ne, kuɗinsu kuwa da nauyi, don haka rigakafi da zuwa asibiti da wuri sun fi sauƙi nesa.

Daga ƙarshe, in kun ga yaro ko yarinya a ajinku mai lura, mai tsabta, mai haƙuri, wanda lissafi bai ba shi tsoro, ku nuna masa wannan hanya, ku kuma yi wa iyayensa bayaninta. Matanmu da yawa sun fi sakin jiki da mace mai jin harshensu, ba kuwa za a same ta a bakin gado ba sai an bar ta ta gama makaranta.