Carbi Mai Haske Cikin Duhu, Da Gubar Da Ido Ba Ya Gani

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin carbin roba ko hannun agogo yana wani haske kore-kore bayan an kashe fitila. Wanda ya saye shi a kasuwar Gummi ko ta Anka, in dare ya yi yara sukan kewaye shi suna mamaki, wani tsoho ma ya ce a fitar da shi waje, kada ya zama da iska a ciki. To, babu iska, babu tsafi. Amma labarin wannan haske yana da darasi babba ga mutanen ƙasar zinariya.

Masana sun bayyana cewa akwai wasu sinadarai masu shan haske kamar yadda randa take shan ruwa. In rana ko fitila ta haska su, ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikinsu sukan ɗauki ƙarfin hasken su maƙale da shi, sa'an nan su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kamar tsattsafar randa. Ba a bukatar wuta ko batir, kuma abin ba ya ɗaukar zafi. Shi ya sa hasken yake dushewa a hankali, sai an sake shanya shi.

Wani mai neman zinariya ne ya fara tona asirin. Wajen shekarar 1602, wani baduku mai suna Vincenzo Casciarolo, a birnin Bolonya ta ƙasar Italiya, ya tsinci wasu duwatsu masu nauyi, ya gasa su da gawayi yana fatan zinariya za ta fito. Bai sami ko ƙwaya ba, sai dai ya ga in dutsen ya sha rana yana haske da dare. A 1866 wani Bafaranshe, Théodore Sidot, ya samar da irin wannan haske daga haɗin tutiya da farar wuta, wanda aka daɗe ana sa wa a fenti da roba. A 1993 kuma kamfanin Nemoto na ƙasar Japan ya fito da sabon haɗi wanda haskensa yake kai wa asuba. Waɗannan ba sa fitar da wani tururi mai cutarwa.

Inda aka yi ɓarna shi ne lokacin da aka so hasken ya daina mutuwa. Tun daga 1917 'yan mata da yawa a Amurka suka shiga aikin shafa wa fuskar agogo fentin da aka gauraya da radiyam. Aka koya musu su riƙa lasar bakin buroshi don ya yi tsini, aka ce ba kome. Bayan 'yan shekaru haƙora suka fara zuba, muƙamuƙai suka ruɓe, wasu suka rasu. A 1928 ne biyar daga cikinsu da suka kai ƙara suka sami diyya. Hasken ba shi ya kashe su ba. Gubar da ta bi ta baki ce.

Wannan ya dawo da mu gida, domin mu ma ta baki ta shigo mana. A watan Maris na 2010 ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa ta lura yara ƙanana suna mutuwa da amai da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, ana daka a turmi, ana niƙa a inji, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar gidaje a Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma da wasu ƙauyuka, aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya.

Abin lura shi ne, carbin da tsoho yake tsoro ba ya cutar da kowa, ƙurar da ba wanda ya tsorata da ita kuwa ita ta cika kaburbura. Dalma ba ta haske cikin duhu, ba ta wari, ba ta ɗaci. Hatta baƙin dutsen tozali mai ƙyalli da ake ranɓaɗa wa jarirai, sau da yawa ma'adinin dalma ne. Gaskiyar Bahaushe, rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu masu haƙar zinariya, kada a kawo dutse cikin gida. A jiƙa shi da ruwa kafin niƙa, a yi wanka a sake tufafi kafin a ɗauki yaro. Iyaye mata su wanke hannun yara kafin cin abinci, su raba jarirai da tozalin dutse. Wanda ya gaji tsohon agogo mai haske na kakanni, kada ya buɗe shi ya kankare fentin. Carbi kuwa, a bar yara su sha kallo, a kuma gaya musu daga ina hasken ya fito.